"Sun Ɓata Mana Littafi": Fashin Baƙi Kan Mayar Da Littattafan Hausa Fim Da Kewar Tsofaffin 'Yan Wasa

Shin dole ne fim ɗin da aka ciro daga littafi ya bi littafin sau da ƙafa? Tambayar da ke tasowa ke nan duk sanda wani furodusa ya ba da sanarwar cewa ya sayi labarin wata marubuciya, zai mayar da shi fim mai dogon zango. Kafin a saki kashi na uku a YouTube gardama ta kaure. Matan da suka karanta labarin a waya tun ana turo shi shafi-shafi a zaurukan WhatsApp sai ka ji suna cewa, "Wallahi sun ɓata mana littafi, wannan ai ba ita ba ce." Can kuma sai wani dattijo ya tsoma baki: "Ku da ba ku ga su Ƙasimu Yero ba, me kuka sani game da wasa?"

Da yawa suna ɗaukar waɗannan koke-koke biyu kamar ba su da dangantaka, ɗaya na masu karatu, ɗaya na masu kewar jiya. Ni a ganina jijiyarsu ɗaya ce. Ƙarfin littafin Hausa a bakin mutanen cikinsa yake, wato a magana. Idan aka zo fim, ɗan wasa ne ke ɗauko wannan magana daga takarda ya sa mata rai. In ya iya, mai kallo zai yafe duk abin da aka yanke daga labarin. In bai iya ba, ko an bi littafin layi-layi sai an ce an ɓata shi.

Me ake nufi da baddalawa?

Malaman adabin Hausa suna kiran wannan aiki baddalawa, wato ɗauko labari daga wata siga a zuba shi a wata: daga littafi zuwa wasan daɓe, daga wasan daɓe zuwa fim, daga tatsuniya zuwa wasan rediyo. Ta bambanta da fassara. Finafinan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa fassara ce, domin hoton na nan yadda yake, harshe kawai aka sauya. Ta kuma bambanta da abin da 'yan fim na Kano ke kira wankiya, inda mutum zai kalli fim ɗin wasu ya kwashe shi fitowa bayan fitowa, ya canja sunaye da tufafi, ya yi shiru a kan inda ya samo. Mai baddalawa yana faɗin tushen labarinsa, yana neman izini, sannan ya sake gina labarin da kayan aikin sabon gida.

Abin da masu cewa "kada a taɓa ko harafi" suke mantawa shi ne, adabin Hausa na boko da baddalawa ya fara tafiya. Magana Jari Ce, wanda Alhaji Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka buga shi littafi uku tsakanin 1937 da 1939, yawancin labaransa an ɗebo su ne daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya da wasu wurare. Imam ya wanke su da ruwan Hausa, ya sa musu rawani da babbar riga, har yau ɗalibi zai karanta bai ji ƙanshin baƙunta ba. Da Imam ya ɗauki ra'ayin bin asali sau da ƙafa, da ba mu sami littafin da muke tinƙaho da shi ba.

Shaihu Umar: daga ɗan siririn littafi zuwa fim na sama da awa biyu

Misalin da ya fi kowanne koyarwa shi ne Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, a gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Littafin ɗan siriri ne, mutum zai iya gama shi tsakanin la'asar da isha. Wani malami ne a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya kwashe labari ya ba su: yadda mahassada suka ƙulla wa mijin uwarsa Makau sharri a fada aka kore shi, yadda aka sace shi yana yaro, yadda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi daga Kano ya ƙetare sahara da shi ya rene shi ya ba shi ilimi, da yadda uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, ita kuwa tana gab da cikawa.

Labarin bai yi tsalle ɗaya daga takarda zuwa majigi ba. Sai da ya bi ta daɓe. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga shi a 1975. Daga nan Adamu Halilu ya shirya fim ɗin a 1976, shekara goma bayan kashe marubucin, Umaru Ladan kuma shi ya fito a matsayin Shaihun.

A nan ne ake ganin bambancin gidajen biyu ƙuru-ƙuru. A littafi, ayarin da ya ƙetare sahara jimloli kaɗan ne. Ɓalewa yana faɗin abin da ya faru cikin natsuwa irin ta malamin da ya sallama wa ƙaddara, ba ya ɗaga murya ko a wurin da mai karatu ke jin ƙwalla. Kyamara ba ta da wannan damar. Dole ta nuna raƙuma, ta nuna yashi, ta nuna mutane a ɗaure, ta nuna fuskar uwa. Abin da marubuci ya ratsa da sauri, darakta sai ya tsaya a kansa minti da yawa, shi ya sa fim ɗin ya haura awa biyu. Bautar da littafin ya ambata a hankali, idan ido ya gan ta sai ta yi nauyin da ba ta yi a kunne ba. Ba wanda ya sauya labarin, amma abin da mai kallo ya tashi da shi ya bambanta da abin da mai karatu ya rufe littafi da shi.

Me ya riƙe fim ɗin bai watse ba? Shaihun da ke zaune yana ba da labari. Umaru Ladan ya riga ya zauna da wannan littafi tun lokacin da yake rubuta wasan daɓen, ya san numfashin kowace jimla. Natsuwar da ke cikin alƙalamin Ɓalewa ita ce ya mayar zama da kallo da saukar murya. Wanda ya taɓa zama a zauren malami bayan magariba ya san wannan zaman.

Me ya sa darakta ke yanka da ƙari?

Dalili na farko lokaci ne. A ƙa'idar masu rubutun fim, shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo. Littafin Hausa na zamani kuwa yakan zo kashi uku ko huɗu, na intanet ma wani ya fi haka nesa ba kusa ba. Ko dai a yanke, ko a ja. Abin mamaki, matsalar yau ta koma ja. Fim mai dogon zango yana cin abinci ne daga yawan kashi da yawan masu kallo, saboda haka labarin da ya isa a gama a kashi ashirin sai a shimfiɗa shi zango bayan zango, a ƙirƙiro kishiyar da babu ita a littafi, a ƙaro ɗan aike mai barkwanci. Mai karatu yana da gaskiya idan ya ji haushin wannan.

Na biyu kuɗi. Marubuciya za ta rubuta cewa jarumin ya sauka daga jirginsa na kansa, ya shiga gida mai ɗaki arba'in, ba ta kashe ko sisi ba. Furodusa kuwa sai ya yi hayar gidan, ya ciyar da ma'aikata, ya sayi man janareto. Abin da aljihu bai iya ɗauka ba, dole a sake masa fasali.

Na uku shi ne wanda ya fi wuya, wato zuci. Littattafanmu cike suke da "ta ce a ranta" da "zuciyarsa ta raya masa". Kyamara ba ta shiga zuci. Ɗauki labarin Kalala da Kalalatu a Magana Jari Ce, matar da mijinta ya sa ta gyara kaji don baƙo, ta yi ta ɗanɗanawa har ta cinye, sannan ta tsorata baƙon da wuƙar da mijin ke wasawa, ta koma ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji. Daɗin labarin a takarda yana cikin yadda take lallashin kanta kafin kowace loma. A fim, idan aka sa ta tana magana ita kaɗai da ƙarfi, sai ta zama kamar mai taɓin hankali. Idan aka ɗora murya a kan hoto, sai ya zama karatun littafi da hoto. Mafita ɗaya ce: 'yar wasan da za ta kalli tukunya, ta kalli ƙofa, ta janye hannu, ta sake miƙawa, mai kallo ya karanta gardamar da ke cikinta ba tare da ta buɗe baki ba. Wannan aiki ba na darakta ba ne shi kaɗai, kuma ba a sayensa da kyawun fuska.

Na huɗu idon jama'a. Littafi mutum ɗaya ke karantawa a ɗakinsa. Fim kuwa a tsakar gida ake kallonsa, ga suruka ga yara. Abin da alƙalami ya faɗa a sakaye, idan hoto ya nuna shi sai ya zama abin kunya. Ga kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da ke da ta cewa a kan abin da zai fita. Darakta yana yin lissafin wannan tun kafin ya kunna kyamara.

Ina tsofaffin 'yan wasa suka samo abin da muke kewa?

Ina tuna daren da ake nuna wasan Hausa a talabijin muna yara. A unguwarmu gida ɗaya ne ke da akwatin, mai baƙi da fari, kuma maigidan yakan sa a fito da shi ƙofar gida a ɗora a kan tebur. Mu yara a gaba a kan tabarma, manya a baya a kan benci. Hoton yakan yi yayyafi, wani lokaci ma ya ɗauke gaba ɗaya sai murya. Abin da na lura da shi daga baya shi ne, ko hoton ya ɗauke ba mai tashi. Daga murya kaɗai mun san wa ya shigo, mun san ransa a ɓace yake ko wata ƙulalliya yake shiryawa. Wata tsohuwa da ke zama a gefe, wadda idonta ya riga ya yi rauni, ita ce ke fara dariya kafin kowa.

Sirrin ke nan. Yawancin mutanen nan kunne suka fara yi wa wasa kafin ido. Sun fito daga gidajen rediyo da ƙungiyoyin wasan daɓe da gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato, inda ba wata kwalliya da za ta rufa wa ɗan wasa asiri. A daɓe ba a cewa a yanke a sake. A rediyo ba wanda ya san kana da kyau.

Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a Kaduna a Satumba 2017, yana cikin waɗanda suka fito a Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta mayar wasan talabijin a shekarun 1980, kuma shi ne na Karambana. Mutanen kudu sun san shi da sunan Uncle Gaga a wasan Turanci na Cock Crow at Dawn. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda yake auna kalma. Ya san inda ake jan wasali, ya san inda ake yin shiru a bar magana ta sauka. Hausar Imam, mai cike da karin magana da habaici da zaurance irin na fada, tana buƙatar irin wannan bakin. Ka ba wanda bai taso da ita ba, sai ya karanto ta kamar mai hadda, ka ji karin maganar ya fito a sandare.

Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Nuwamba 2023, darasi ne ta wani ɓangaren. Mutumin Pategi ne a jihar Kwara, kuma ya yi aikin soja na gaske. Hausar bariki da yake yi, wadda ke cakuɗe da guntun Turanci da tsawar fareti, daga bakin mutanen da ya zauna da su ya ɗebo ta. Shi ya sa tsohon soja zai kalla ya ce lalle haka samanjanmu yake. Umaru Ɗanjuma Katsina, Kasagi, shi ma ɗan wasa ne kuma marubuci. Wasansa Kulɓa Na Ɓarna an karanta shi a makarantu, kuma Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta mayar da shi fim a farkon shekarun 1990, Brendan Shehu ya ba da umarni. Ga Karkuzu na Bodara daga Jos. Kowannensu idan ka rufe ido ka ji muryarsa ka san shi ne.

Ba ina cewa duk abin da aka yi a da zinariya ba ne. Akwai wasannin da aka yi su da gaggawa, sauti ba daɗi, labari ba kai. A yau ma akwai 'yan wasa masu baiwa ƙwarai, kuma kayan aikinsu sun fi na da nesa. Abin da ya ragu shi ne makarantar. Yaron da ya shigo fim yau ta hanyar yawan mabiya a TikTok bai bi ta daɓe ba, bai bi ta rediyo ba, sau da yawa a wurin ɗaukar fim ake miƙa masa takardar abin da zai faɗa. Ba laifinsa ba ne idan Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja ya fi ƙarfin bakinsa.

Wannan ba a Hausa kaɗai yake ba. Tun da NTA ta nuna Things Fall Apart na Chinua Achebe a 1987, 'yan Nijeriya da yawa ba sa iya karanta sunan Okonkwo ba tare da fuskar Pete Edochie ta faɗo musu a rai ba. Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu sun san Devdas, labarin da aka buga littafinsa a 1917, wanda Dilip Kumar ya fito a cikinsa a 1955, Shah Rukh Khan ya maimaita a 2002. Gardamar da ake yi a kai har yau ta wane ne ya fi shiga rigar mutumin ce, ba ta wane fim ya fi bin shafukan littafi ba.

Lokacin da marubuta suka ɗauki kyamara da kansu

Finafinan bidiyo na Hausa sun fara ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. A daidai wannan lokaci littattafan da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano suna tashe, kuma wasu marubutan ba su jira wani ya zo ya nemi labarinsu ba. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994. Bala Anas Babinlata ya yi Tsuntsu Mai Wayo. An yi fim ɗin Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, an kuma yi na Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1998. Dabarar a fili take: littafin da ya riga ya shiga ɗakunan mata ya zo da masu sayen kaset ɗinsa.

Wannan zumunci bai daɗe ba. Daga ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fim ɗin Sangaya, kasuwa ta karkata ga rawa da waƙa, 'yan kasuwar kaset suka fara tambayar waƙa nawa ce a fim kafin su tambayi labari. Wankiya ta fi sauƙi kuma ta fi arha a kan zama da marubuci. Sai da wasanni masu dogon zango suka dawo, irin su Daɗin Kowa na Arewa24, aka sake neman masu alƙalami, inda marubutan littafi irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih suka zama marubutan fim.

Sarauniya: labarin ƙasar Hausa da ba a ji Hausa a cikinsa ba

Daga Nijar akwai misalin da ke nuna muhimmancin harshe ta hanyar rashinsa. Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa na Faransanci a 1980 a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, a yankin Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Aiki ne babba, wanda duk ɗan Afirka zai yi alfahari da shi. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta 'yar can ce ta fito a Sarauniya, kuma harsunan da suka mamaye shi su ne Jula da Fulatanci da Faransanci. Bahaushen Dogon Dutsi da zai kalli labarin kakarsa sai ya bi rubutun ƙasan allo. Duniya ta sami fim, mu kuma har yanzu muna bin bashin jin kirarin Sarauniya da harshen da aka yi mata shi.

Wa ke da gaskiya a cikin masu gardamar?

Mai karatu yana cewa: ni na riga na ga wannan yarinya a zuciyata, na san tsawonta da muryarta, ku kuma kun kawo mini wata. Wannan ciwo ne na gaske amma ba shi da magani, domin masu karatu dubu sun ga yarinya dubu, darakta kuwa ɗaya zai iya ɗauka. Inda kokensa ke da ƙarfi shi ne idan an sauya halin mutum ko manufar labari. Alhaki Kuykuyo Ne, alal misali, labarin Rabi ne, matar da miji ya kora da 'ya'ya tara ta tashi ta riƙe gidanta da sana'ar abinci. Duk wanda zai sake yin fim ɗinsa yana iya rage 'ya'yan, yana iya sauya unguwa. Amma in ya mayar da Rabi mai zaman kuka tana jiran wani namiji ya cece ta, ya ci amanar littafin ko da bai sauya sunan kowa ba.

Darakta yana cewa: fim sana'a ce mai ƙa'idarta, kuma yawancin masu kallona ba su karanta littafin ba. Shi ma da gaskiyarsa. Amma wanda ya ɗauki sunan littafi don ya ja masu karatunsa, ya ci bashin amanarsu, ba zai juyo daga baya ya ce ba ruwansa da su ba.

Marubuci shi ne wanda aka fi bari a baya, kuma shi ne doka ta fi tsaya wa. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, baddala littafi haƙƙi ne na mai littafin, ba mai yi sai da izininsa, kuma kariyar tana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Imam ya rasu a 1981, Ɓalewa a 1966, saboda haka masu zaton tsofaffin littattafan nan sun zama na kowa su sake lissafi. Matsalar ita ce yawancin cinikin da ake yi tsakanin marubuta da furodusoshi da baki ake yinsa, ko da ɗan saƙo a waya. Wata marubuciya da na sani ta sayar da labarinta a kan kuɗin da bai kai na ɗinkin salla ba, ba takarda, ba sharaɗi. Da fim ɗin ya fito an sauya ƙarshensa, sunanta kuma ya wuce a allo kamar walƙiya. Masu karatunta ita suka yi ta zagi, suna zaton ita ta yarda. Rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace kuɗi, da yawan zangon da aka saya, da yadda za a rubuta suna, da ko marubuci zai ga rubutun fim kafin a ɗauka, ita ce za ta kashe rabin wannan rigima. Ko manya ba su tsira ba: Wole Soyinka ya fito da kansa a fim ɗin wasansa Kongi's Harvest a 1970, daga baya ya nesanta kansa da yadda aka tace shi.

Me wannan ke nufi ga mai kallo da ɗalibi da uwa a gida?

Ga mutane da yawa a ƙasar Hausa, fim ne kaɗai ƙofar da za su shiga littafi ta cikinta. Wanda bai yi boko ba, ko ya yi amma karatun dogon labari na ba shi wuya, ta allo zai san Shaihu Umar. Saboda haka abin da darakta ya nuna shi ne zai zauna a matsayin labarin a zukatan miliyoyi. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar Hausa kuma ya yi hattara, domin mai gyara takarda littafi ya karanta, kallon fim ba ya ɗauke masa karatu.

Akwai kuma batun harshen yara. Yaron da ke kallon wasa awa biyu kullum, Hausar da ke cikinsa ita yake sha. Idan 'yan wasa suna magana da Hausar da ke da gishiri, zai taso da ita. Idan rabin kowace jimla Turanci ne don a nuna jarumi ɗan gayu ne, ita zai ɗauka. A nan ne baddala littattafai masu kyau ke da amfanin da ya wuce nishaɗi, domin tana tilasta wa masu fim su koma ga Hausar da aka zauna aka tace.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, tsofaffin 'yan wasan da muke cewa a yi koyi da su, ina matashi zai gan su? Kaset-kaset da yawa na gidajen talabijin sun lalace, wasu an ɗauki sababbin shirye-shirye a kansu. Abin da ke yawo a intanet guntaye ne, hoto a dushe, sauti na shaƙewa. Shi kansa fim ɗin Shaihu Umar shekaru da dama an ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa cikin tarin gwangwanayen finafinai da aka yi watsi da su, ta ƙoƙarin mai shirya finafinai Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar adana finafinai ta Arsenal da ke Jamus ta gyara shi tare da haɗin gwiwar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Turawa sun zauna a silima sun kalli Umaru Ladan yana ba almajiransa labari da Hausa. Na tambayi ɗaliban wani ajin sakandare da ke karanta littafin ko akwai wanda ya taɓa ganin fim ɗin a cikinsu. Ba wanda ya ɗaga hannu, wata yarinya ma ta tambaye ni ko da gaske an taɓa yin sa.